Ƙusa a Kan Ƙanƙara

Ni ne Baban da kuke zagi.

Sati biyar 'yata Auta tana ba ku labarin gidana a wayar nan. Kun karanta, kun yi sharhi. Wata ta ce ni dutse ne. Wani ya ce a kai ni asibiti a duba kaina. Wata yarinya, wadda na tabbata na girmi kakanta, ta rubuta, "Tsohon nan sai addu'a." Na gode. Yau na karɓi wayar. Za ku ji daga bakin mai ita.

Ni kafinta ne. Shekara hamsin da ɗaya ina yanka katako, ba a taɓa dawo mini da aiki ba. Bara 'ya'yana maza suka haɗa kai suka rufe mini shago. Ba su faɗa mini dalili a gabana ba. "Baba, ka huta," suka ce. A bakin matansu na ji sauran: wai idona ya yi rauni, wai hannuna yana rawa. Na kwaso kayan aikina na kawo gida.

Wata uku da suka wuce na samo jan katako, na yi wa firjin gidana kabad. Gefe biyu, rufi, da allon baya. Na auna sau uku, na yanka sau ɗaya. Na goge shi da mai har mutum yana ganin fuskarsa. Da aka tura firjin ciki, ya zauna kamar a nan aka haife shi. Na kira mazan nan, na ba babban ɗana takarda, na ce ya zura tsakanin firji da katako. Ta ƙi shiga. Ya gwada ta sama, ta ƙi.

Na ce, "Ga hannun da ke rawa."

Babu wanda ya ɗaga kai. Hatta kyanwar gidan ta bar tabarmarta ta koma kwana a saman kabad ɗin. Na ce dabba ma ta san aiki.

Ba a yi wata guda ba firizar sama ta fara tsiya. Da safe nama kamar dutse. Da la'asar ka danna shi da yatsa ya lotsa. Washegari ya sake daskarewa, jini ya taru a gindin leda ya zama jar ƙanƙara. Ba ɗauke wuta ba ne, fitilar ciki tana kamawa. Sau biyu Innar Auta tana zubar da kifi, tana toshe hanci tana harara ta, kamar ni na kamo shi.

Ana cikin haka yaron da ke neman Auta ya fito.

Auta malamar makaranta ce, shekararta ashirin da bakwai. Ban taɓa zaɓa mata ko takalmi ba, balle miji. Ita ta kawo shi. Dogo ne, siriri, da farar riga da ta sha guga har tana neman yanka mutum. Ya durƙusa ya gaishe ni. Ban kalli rigar ba, hannu na kalla. Akwai kanta a tafin, akwai tabon ƙuna a babban yatsa. Wannan ya yi mini. Ban nuna ba.

"Sana'arka?"

"Gyaran firji, Baba."

"Ka iya, ko a kan kayan mutane kake koyo?"

"Ana taɓawa."

"Ba na ba mai taɓawa 'ya. Ga firiza can a kicin. Ka gyara, mu yi magana. Ka kasa, ka san hanyar da ka biyo."

A nan kuka ce na yi zalunci. Wane zalunci? A aiki ake gane mutum. Ni ma da zan auri uwarta, tsohuwar ƙofa ubanta ya nuna mini, ya ce in hana ta kuka. Na hana ta. Har yau tana nan.

Zuwansa na farko ya zo sanye da shuɗin kayan aiki, da jaka a hannu. Ya tsaya a bakin kicin ya daɗe yana kallon kabad ɗin. Ya ɗora tafinsa a gefe, ya ɗora a sama, ya leƙa tsakaninsa da bango.

"Baba, wannan kabad ɗin..."

"Ni na yi shi. Firji aka kira ka ka duba. Wanda ya taɓa katakon nan, ni ya taɓa."

"Ya yi kyau."

"Na sani."

Ya sa takarda a bakin ƙofar firizar ya rufe, ya ja. A sama ta riƙe, a kusurwar ƙasa ta zame. Ya ce robar ƙofar ta gaji, iska mai ɗumi tana shiga. Ya sa sabuwa. Sannan ya ce in ara masa ƙusa ɗaya, 'yar ƙarama. A cika kofi da ruwa, in ya daskare a ɗora ƙusar a kai a bar shi ciki. In aka dawo aka same ta a sama, sanyi ya tsaya. In ta nutse, to an narke an sake daskarewa, ko da ido bai gani ba.

Dabarar ta burge ni. Wannan ma ban faɗa ba.

Kwana biyu, na buɗe. Ƙusa tana tsakiyar ƙanƙara, kamar ƙuda a cikin miya.

Zuwansa na biyu ya kwashe komai daga firizar. Ya ce ledojin sun toshe ramin da iskar sanyi ke fitowa, a riƙa barin fili.

Innar Auta ta ce, "Ɗana, shekara tara ina cusa kaya a firizar nan haka. Sai bana ta san cunkoso?"

Ya ɗan kalli katakon, ya sunkuyar da kai. Ya canza wani ɗan abu da ya ce shi ke kunna inji ya kashe shi gwargwadon sanyi.

Na ce, "Ka sa masa gas mana. Kowa ya san gas ne."

"Ba gas ba ne, Baba. Da gas ne ya tsiyaye, da safen ma ba zai daskare ba."

"To mene ne?"

"Muna bi a hankali."

Ƙusa ta sake nutsewa.

Zuwansa na uku ya kawo ma'aunin sanyi mai 'yar igiya, ya bar shi ciki, ya ce a riƙa rubuta lambar sau uku a yini. Auta ta ja layi a takarda kamar rajistar 'yan ajinta. Da safe sha takwas ƙasa da sifili. Da azahar bakwai. Da la'asar lamba ta haura sifili. Kwana huɗu haka, babu fashi. Ya zo ya karanta takardar, ya tambayi Inna ƙarfe nawa take ɗora girki. Ta faɗa masa. Ya goge zufa.

"Inna, ko za a riƙa barin tagar nan a buɗe?"

Na ce, "Taga?"

"Za ta ɗan taimaka, Baba."

"Sati uku kana zarya a gidana, maganinka taga? Sarkin Sanyi, saurara. Ranar Asabar zan duba kofin nan. In ƙusa tana ƙasa, kada ka sake taka ƙofata, da jaka ko ba jaka."

Auta tana tsaye da faranti a hannu. Ta ajiye shi a hankali ta shige ɗaki. Daga ranar gaisuwarta ta koma kamar ta mai karɓar haraji: a tsaye, a taƙaice.

Ranar Alhamis da hantsi na fita shan iska, na biya ta shagon Tela. Shekara talatin muna maƙwabtaka, bai taɓa ɗinka mini riga a kan lokaci ba. Yana ganina ya tsayar da keke.

"Kafinta, ashe kai ne dutsen?"

"Wane dutse?"

"Zauna. Matata ce ta turo mini. Ba a sa suna ba, amma tsohon da ke tari sau biyu kafin ya ce a'a, a unguwar nan mutum ɗaya ne."

Ya gyara tabarau ya fara karanta mini gidana. Launin labulena. Silifas ɗina mai ɗinki. Har ya kai inda Auta ta kwafo muku saƙonninta da yaron. Kun san su, amma zan maimaita, don ku ji yadda suka shiga kunnena a bakin titi, almakashi yana ƙara.

Shi: "Tun ranar farko na gani. Firji ta baya yake fitar da zafi. Baba ya rufe shi ruf, zafin ba shi da mafita. Da rana in Inna ta kunna murhu, injin ya ɗau zafi ya kashe kansa. Sai gari ya huce ya tashi."

Ita: "To ka faɗa masa mana."

Shi: "Da wane baki? Kin ga yadda yake shafa katakon nan in ya zo wucewa?"

Ita: "In ka faɗa ya kore ka. In ba ka faɗa ba ya kore ka."

Shi: "Gara ya ce ni ban iya aiki ba, da in ce masa shi bai iya ba."

Tela ya cire tabarau. "Mutum dubu huɗu sun karanta. Kai ne na dubu huɗu da ɗaya."

Ban yi masa sallama ba.

Na tarar da Innar Auta tana ninke wanki a tsakar gida.

"Ke ma kin sani?"

Ba ta tambaye ni me ba. "Malam, ko kyanwar gidan nan ta sani. Kai ka ɗauka don kyan aikinka take kwana a sama? Ɗumi take bi."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Shekara arba'in da huɗu ina faɗa maka abu. Wanne ka ji?" Ta kaɗe zani. "Wanzami ba ya son jarfa."

Auta ta dawo daga makaranta da toka-tokan mayafi da alli a hannun riga. Tana ganin fuskata ta ajiye jaka ta durƙusa.

"Kin shanya ni a waya kamar wanki."

"Baba, ban faɗi sunanka ba."

"Da tarina aka gane ni."

"Ba ni da wanda zan faɗa wa ne. A gidan nan ba a magana."

"Wa ya hana?"

Uwa da 'ya suka kalli juna. Na bar musu wurin.

Ba na yarda da magana sai na auna. Bayan azahar, tukunya tana kan wuta, na shiga kicin na kama firjin zan jawo shi. Inna ta ce a kira wani ya taya ni. Na ce ta matsa. Da ƙyar ya fito, don ni na sa shi, kuma ba na sa abu ya yi lilo. Yana fitowa wani zafi ya bugi fuskata kamar an buɗe tanda. Na taɓa injin, na janye hannu. Na leƙa allon baya. Man da na shafa ya yi baƙi, ya zana siffar ragar ƙarfen nan da ke bayan firji, layi-layi, kamar an buga hatimi.

Na bar firjin a tsakiyar kicin. Inna ta koma wucewa a karkace kamar ƙaguwa, tana mita. Na cika sabon kofi, da ya daskare na ɗora sabuwar ƙusa. Juma'a da la'asar tana sama. Asabar da la'asar tana sama, a kwance, tana kallona. A rayuwata ban taɓa jin haushin ƙusa ba sai ranar.

Yanzu ku ji abin da ya ɓata mini rai, tunda kun iya sharhi. Ba kabad ɗin ba ne. Awona daidai yake. Babu wanda ya taɓa gaya mini cewa firji yana numfashi ta baya. Rashin sani ne, kuma rashin sani magana ɗaya ke kashe shi. Abin da ya ƙona ni, an mai da ni ƙwai. 'Ya'yana sun rufe mini shago da "ka huta." Matata ta zubar da kifi sau biyu ta yi shiru. Yaro mai sana'a a hannu ya yarda a kira shi wanda bai iya ba, ya yarda ya rasa yarinyar da yake so, don kada tsoho ya fashe. Kuka ce ladabi ne. Ni kuwa na ce wanda ya ga wuta a rufinka ya yi shiru don kada ya tashe ka daga barci, ba masoyinka ba ne. In yaron nan ya ɓoye mini yau, gobe 'yata zai ɓoye wa.

Na fitar da kofin na sa a ƙasan kwano na rufe. Na mai da firjin cikin kabad yadda yake. Na kira Auta.

"Rubuta masa: ka zo yanzu, da kayan aiki."

Ta rubuta. Na ce ta karanta mini.

"Don Allah ka zo yanzu..."

"Goge 'don Allah' ɗin."

Ya iso kafin rana ta faɗi. Farar rigar ya sa, jakar a kafaɗa, kamar bai san ko biki aka kira shi ko jana'iza ba. Auta ta tsaya a bakin kicin, Inna a bayanta tana riƙe da ludayi.

"Sau ɗaya zan tambaye ka. Me ke damun firizata?"

Ya kalli Auta.

"Ba ita ta tambaye ka ba."

"Baba, abubuwa da dama kan jawo irin wannan. Wani lokaci..."

"Ƙofa tana bayanka."

Ya tsaya jim. Ya juya. Ya yi taku biyu, ya kai bakin ƙofa, sai ya sauke jakar ƙasa.

"Kabad ɗin ne."

"Ɗaga murya. An ce na tsufa."

"Kabad ɗinka ne, Baba. Ka matse shi da yawa. Aikin ya yi kyau, amma ya shaƙe firjin. Sai an cire allon baya, an rage rufin faɗin yatsa huɗu daga baya, an ja shi daga bango kaɗan. In ba haka ba, ko sabo aka sa a ciki, haka zai yi har injin ya ƙone."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar farko."

"Me ya rufe maka baki?"

"Na fara faɗa. Ka ce wanda ya taɓa katakon, kai ya taɓa."

Inna ta yi tari. Sau biyu. Na san da wa take.

Na ce, "Sai ka taɓa ni ɗin. Na yi maka kama da ƙwai?"

"A'a, Baba."

"Robar da ka canza fa? Wasa da hankalina ne?"

"Ita da gaske ta gaji. Ɗayan abin da na canza kuwa lafiyarsa lau. Ina neman hanyar da za ta tsallake katakon ne. Babu."

Na buɗe kwano na nuna masa kofin. Ƙanƙarar ta fara zufa, amma ƙusar tana sama. Na ce kwana biyu firjin ya yi a waje. Bakinsa ya fara buɗewa.

"Kada ka yi mini murmushi. Kama can."

Muka jawo firjin, muka fito da kabad ɗin tsakar gida muka kwantar. Na kwance allon baya da kaina. Na auna yatsa huɗu, na ɗora ƙarfen awo na ja layi da fensir. Na shiga ɗaki na ɗauko zartona a cikin tsummansa. Da shi na fara sana'a. Sau uku na canza masa mariƙi. Ko babban ɗana bai taɓa riƙe shi ba.

Tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in ƙarasa. Kabad ɗin nan, da a da ne, kwana uku zan yi. Sati shida na yi. Da sassafe kawai nake yanka, kafin hannun ya fara. Wannan babu wanda ya sani, ko Auta ba ta rubuta muku ba.

Yanzu kuwa yamma ce. Na ɗora haƙoran zarto a kan layi. Bakin ya yi tsalle ya sauka gefe. Na gyara. Ya sake.

"Baba," in ji yaron, yana riƙe da ɗaya gefen katakon. "Hannunka yana rawa. Za ka ɓata rufin."

Auta ta toshe baki da mayafi. Inna ta ce, "To, shi ke nan," a hankali, kamar mai ta'aziyya.

Na ɗago na kalle shi. Bai sunkuyar da kai ba. Zufa tana bin wuyan farar rigar, amma idonsa yana cikin nawa. Shekara guda ina jiran ɗaya daga cikin waɗanda na haifa ya faɗa mini wannan a fuskata.

Na juya zarton na miƙa masa ta mariƙi.

"Ka bi layi. Kada ka danna, bar shi ya ci da kansa."

Ba kafinta ba ne. Ya riƙe shi kamar mai yanka burodi, sai da na gyara masa gwiwar hannu sau biyu. Amma ya bi layin har ƙarshe. Na shafa bakin yankan da yatsa, na rufe ido ɗaya na hango shi.

"Ba laifi."

Inna ta ce wa Auta ta rubuta ranar a takardar lambobin nan, don a zamanta da ni ba ta taɓa jin na ce wa ɗan Adam haka ba.

Muka mai da komai wurinsa. Yanzu in ka ɗora hannu a bayan rufin, za ka ji ɗumi yana fita sama. Kyanwa ta koma tabarmarta, ba ta ko kallon kabad ɗin. Munafuka.

Da zai tafi ya durƙusa, garin katako a gwiwar wandonsa.

"Baba, yaushe zan turo manyana?"

"Ba ni za ka tambaya ba. Na ce ka gyara, mu yi magana. Kwana bakwai firjin zai yi a cikin kabad. In ƙusa ta kwana bakwai a sama, ka turo su."

Ku ce dutse ne, ku ce abin da kuka ga dama. Magana ɗaya nake yi.

Yau kwana shida. Tana sama. Tun safe na leƙa ta sau huɗu, don aiki sai da dubawa. Da na tashi zan yi na biyar, Innar Auta ta tare bakin kicin da ludayi.

"Malam, in ka ƙara buɗe ƙofar nan, kai za ka narkar da ƙanƙarar da hannunka, ka rasa surukin."

Na koma na zauna.